Ranar da Kurma Ya Ƙi Kawo Mota

Shekara ashirin da uku Kurma yana jan bas ɗin kwamitin tsaro na majalisa, kuma kunnensa garau yake. 'Yan majalisar ne suka laƙa masa sunan, don duk abin da suka faɗa a bayansa, na sirri da na gulma, a cikin motar yake mutuwa. Matarsa ta yi juyin duniya ya ba ta ko labari ɗaya, ya ce, "Ni hanya nake kallo." Ta ce, "Allah ya bar ka da hanyar, ni dai sitiyari na aura."

Siriri ne, tsumman goge gilashi kullum a aljihun baya. In kwamiti ya fita ziyarar gani da ido, barikin soja ne ko gidan yari ko ofishin 'yan sanda, yakan sauke su a bakin ƙofa, ya zagaya baya ya faka. Kafin su fito ya dawo ya buɗe ƙofa. Ko sau ɗaya bai taɓa barin ɗan majalisa tsaye a rana ba.

Abin haushin, mako guda kafin kowace ziyara sai an aika takardar sanarwa. To wane ne wawa? Su iso su tarar bango na warin sabon fenti, tsararru biyar a kan sababbin tabarmi, babban jami'i na murmushi har kunne. Kurma ya san warin fentin nan sarai, bai taɓa cewa uffan ba.

Sai ga wata tsohuwa ta tare a ƙofar majalisa, wata uku cur. Ɗanta mai faci ne a mahaɗar hanya, wurin da Kurma ke shan iskar taya. An kwashe shi a wani kame, 'yan sanda kuma suka rubuto cewa ba ya hannunsu. Shugabar kwamitin, tsohuwar malamar makaranta da ba ta ɗaukar wargi, ta sa ofishin 'yan sandan a jerin ziyara. Takardar sanarwa ta tafi kamar kullum.

Ranar tafiya tsohuwar ta riƙe murfin motar. "Ɗan nan, kai ka san shi. In ka gan shi, ka ce masa ina nan da raina."

"To, Inna."

Da suka isa ofishin ya sauke 'yan kwamitin, ya zagaya baya. Can kusa da ƙofar baya, tsakanin matattun motoci, wata rufaffiyar motar 'yan sanda na tsaye cikin tsakar rana, injinta a kunne. Ya ji tari daga ciki. Ya ɗaga kai, sai ya ga yatsu maƙale a ragar 'yar tagar sama, babban yatsan ba shi da farce. Shekara nawa yana kallon yatsan nan yana danna masa bakin taya?

Wani ɗan sanda ya taho yana ɗaga hannu. "Baba, janye, fita za mu yi."

Wallahi Kurma ya ji tsoro, ga bindiga a kafaɗar mutumin. Ya sa ribas, ya gindaya bas ɗin a ƙofar kaf, ya kashe, ya jefa makulli a aljihu. Ya zaro tsummansa ya hau goge gilashi. Ɗan sandan ya yi tsawa, ya buga motar, ya yi zagi. Kurma bai ko waiwaya ba.

Kwamiti ya gama duba ɗakunan fenti ya fito, babu mota. Akawun kwamitin ya kira wayar Kurma har sau huɗu, bai ɗauka ba. Ran shugaba ya ɓaci, ta tattare mayafinta ta nufi baya da ƙafa, 'yan majalisa na biye, babban jami'in na ta roƙon a dakata a inuwa.

"Kurma, yau lafiyarka kuwa?"

"Ranki ya daɗe, ki sa a buɗe waccan motar."

Ta dube shi, ta dubi motar. Jami'in ya fara kame-kame, wai makulli na hannun wani. Ta ce doka ta ba kwamitinta ikon ganin duk inda aka tsare mutum, kuma a nan za ta tsaya. Ta ce wa akawu, "Rubuta lokaci." Nan take makulli ya fito.

Mutum goma sha huɗu aka sauko da su, sharkaf da gumi. Mai faci ne na ƙarshe, sai da aka tallafe shi.

Daga wannan ziyara majalisa ta soke takardar sanarwa, yanzu kwamiti dira kawai yake yi. Shi kuwa Kurma, shugaban direbobi ya ba shi takardar tuhuma kan barin manya a rana. Ya amsa da layi ɗaya: "Haka aka yi."

Amma a ranar, da shugaba ta ce ya kwashi mutanen zuwa asibiti, sai ya bi ta ƙofar majalisa, ko da yake ba hanya ba ce. Tsohuwar na zaune inda ya bar ta. Ya sauko ya buɗe mata ƙofa, kamar yadda yake buɗe wa manya.

"Inna, ban isar da saƙonki ba. Hau, ga shi can a kujerar baya, ki faɗa masa da bakinki."