Maɓallin da Puring take dannawa

Mang Delfin kifi yake sayarwa a unguwarmu ta Navotas, a ƙasar Filifins, tun yana saurayi. Murya gare shi irin ta ganga. In ya yi talla daga bakin gada, har matan ƙarshen layi sai sun fito da kwano. Sai dai an jarabce shi da son bidiyoke, na'urar nan da ake haya a rera waƙa ana bin rubutu a allo. Akwai wata waƙar soyayya da ke farawa ƙasa-ƙasa kamar hira, tana zuwa ƙarshe sai ta miƙe sama kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ita ce tasa. A nan kowa da waƙarsa, kuma ba mai taɓa lambar waƙar Delfin a na'urar.

Matarsa Aling Puring ba ta waƙa. Aikinta a kowane biki zama gindin na'ura, ana faɗa mata lamba tana dannawa. Delfin ya miƙe, ya runtse ido, ya haye ƙarshen nan ba tuntuɓe, a tafa. Sai ya dawo yana share gumi yana ce wa maza, "Ku masu danna maɓalli ku saukar da waƙa daidai muryarku, gara ku zauna ku ci shinkafa. Namiji yadda aka yi waƙa yake rera ta." Maza su sunkuyar da kai. Shi a zatonsa kunya ce ta kama su.

Puring ta rasu. Shekara guda Delfin yana cikin baƙaƙen kaya, bai taɓa makirfo ba. Ranar cire baƙi aka dafa taliya, aka gasa kifi, aka ɗauko na'ura da rana tsaka. 'Yarsu Luningning ta zo da mijinta da iyayen mijin. Delfin ya sanar cewa zai rera wa Puring waƙarsa, surukai ma su ji abin da ta yi shekaru tana ji.

Abokinsa Mang Tasyo ya ja shi gefe, ya kira shi Pare, yadda aminai ke kiran juna a nan. "Pare, ka zaga bayan gida ka gwada ƙarshen tukuna mana. An daɗe."

"Kai da muryarka kamar tsohuwar ƙofa, kai za ka koya mini?"

Mijin Luningning ya danna lamba ya koma ya zauna. Tun layin farko Delfin ya ji waƙar ta yi masa tsawo, kamar an ƙara wa matakalar gidansa hawa. Ya daure. Da aka zo ƙarshen, ya cika ƙirji ya ɗaga wuya, abin da ya fito sai carar zakaran da bai gama girma ba. Ya sake yunƙurawa, muryar ta sake tsagewa. Kiɗa ya wuce ya bar shi tsaye, rubutu yana gudu a allo ba mai bin sa. Uwar mijin ta duƙufa kan taliyarta.

"Wannan na'ura ta lalace," in ji Delfin.

Aling Sepa, yayar Puring, ba ta iya ajiye magana a baki. Ta ce, "Lafiyarta ƙalau, Delfin. Mai saukar maka da waƙar ce ba ta nan. Kana runtse ido take dannawa, tun na'urar farko da ta shigo unguwar nan."

Ya dubi Tasyo. Tasyo yana cire ƙaya daga kifin da ba ƙaya.

"Kun sani?"

"Pare, gindin na'urar muke zama."

Tsagewar murya ba ta dame shi kamar tuna cika bakin da ya yi ta yi wa mutanen da suke rufa masa asiri ba. Makonni yana talla can ƙasan maƙoshi, mata suna mita kifi ya wuce ba su ji ba.

Da aka zo bikin zagayowar ranar haihuwar Tasyo, Delfin ya zauna baya har aka kusa tashi. Sannan ya je gindin na'ura, ya sa lambarsa da kansa, kunnuwansa jawur. Ya ce, a gaban kowa, "Pare, wanne ne maɓallin?"

Tasyo ya nuna masa. "Danna. Zan gaya maka in ya isa."

Delfin ya danna ya ɗago kai. Tasyo bai ce ya isa ba. Ya sake dannawa. Har yanzu da saura.