Malam Almustapha Mai Taswira da Ƙusar da ke Bangon Makaranta

Haihuwa da asali

An haifi Malam Almustapha Abdulrahman, wanda jama'ar Funtua da Malumfashi suka fi sani da Malam Mai Taswira, a shekarar 1946, a ƙauyen Tudun Maiwa da ke ƙasar Bakori, cikin lardin Katsina na wancan zamani. Mahaifinsa, Malam Abdulrahman, manomin auduga ne da dawa, mahaifiyarsa kuwa, Hansai, 'yar asalin Danja ce. Mahaifin nasa ya yi suna wajen sanin iyakokin gonaki, ta yadda duk sa'ad da maƙwabta biyu suka kaure a kan kunya ɗaya, shi ake kira ya nuna inda kakanni suka dasa bini-da-zugu, kuma bai taɓa matsar da iyaka ko da taƙi guda don ganin idon wani ba. Daga gare shi Almustapha ya gaji kaifin ido da taurin kai, na biyun kuwa shi ya fi wahalar da shi a duniya.

Karatu

Ya fara karatun allo yana ɗan shekara biyar, sannan aka sa shi makarantar elementare a Bakori a shekarar 1954. A 1962 ya shiga kwalejin horon malamai a Katsina, inda ya kammala a 1966. A can ya koyi sana'ar da ta zame masa suna, wato ɗauko taswira daga littafi a faɗaɗa ta a jikin bango. Yadda ake yi shi ne a kafa ƙusoshi a gefen bango, a ɗaura zaren da aka turmusa cikin garin alli, a ja shi a saki ya bar layi, har bangon ya zama gida-gida kamar na dara, daga nan a bi kowane gida a kwafi abin da ke littafi. Abokan karatunsa sun shaida cewa yakan goge aikin yini guda saboda Kogin Binuwai ya karkace da faɗin yatsa.

Aiki

A watan Janairun 1967 aka tura shi koyarwa a firamaren ƙauyensu, kuma a bangonta na gabas, wanda ke fuskantar hanyar kasuwa, ya zana taswirar Najeriya ta farko. Labari ya bazu, shugabannin makarantu suka riƙa aiko masa, har ya zana taswira arba'in da ɗaya tsakanin Dandume, Funtua, Danja da Malumfashi, yana zagayawa a kan keke, gwangwanayen fenti na kaɗawa a baya.

Gwamnatoci ba su bar shi ya huta ba. Ko wata biyar taswirar farko ba ta yi ba aka ƙirƙiro jihohi goma sha biyu, a 1976 suka koma goma sha tara, a 1987 ashirin da ɗaya har da Katsina, a 1991 talatin. Duk sanarwar da aka yi a rediyo, sai ya hau keke ya bi bango arba'in da ɗaya yana gyara, yana mita, domin a aƙidarsa haramun ne yaro ya tashi yana kallon taswirar ƙarya. Abin da ke sanyaya masa rai ɗaya ne, kuma yakan faɗa wa ɗalibansa: "Layin ciki na gwamnati ne, ta yi ta wasa da shi. Na waje kuwa ba a taɓa shi." Ya yi ritaya a shekarar 2001.

Aure da iyali

A 1969 ya auri Malama Ummukulsum, 'yar wani mai saƙa a Bakori, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har rai ya yi halinsa. Allah ya azurta su da 'ya'ya shida, babbansu Awaisu, wanda aka haifa a 1970. Mahaifin ya so ya zama malami, amma Awaisu ya shiga soja a 1990, kuma a 1994 aka tura rundunarsu Bakassi, wani yanki na ruwa da fadama a can ƙuryar kudu maso gabas, wanda Najeriya da Kamaru ke jayayya a kansa.

Rasuwar Awaisu

Cikin azumin shekarar 1996, a watan Fabrairu, Awaisu ya rasu a wata arangama da aka yi a yankin. Saƙo ya iso a takarda, amma cikakken bayani sai bayan Sallah, daga bakin Kofur Monday, Kirista ɗan ƙasar Malumfashi, wanda suke runduna ɗaya. Monday ya ce babu jirgin ruwan da zai ɗauki gawa a ranar, don haka sojoji Musulmi suka yi masa sutura da salla, shi kuma da hannunsa ya haƙa kabarin a wani tudun yashi kusa da ƙauyen masunta.

Malam ya miƙe. Ya kama hannun Monday suka tafi bangon makaranta, ya ce ya nuna masa wurin. Monday ya ɗora yatsa a ƙasan taswirar, dab da layin waje, Malam ya ɗauko ƙusa mai inci huɗu ya kafa ta a nan. A watan Oktoba na shekarar, da jihohi suka koma talatin da shida, ya bi dukkan taswirorinsa ya rubuta sunan Bakassi da ƙananan haruffa. Shekara shida sunan na nan, babu mahaluƙin da ya tsaya ya karanta.

Hukuncin kotu da tashin jama'a

Ranar 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya ta yanke hukuncin cewa Bakassi ta Kamaru ce. Kafin mako ya zagayo, kowane mai shayi a Funtua ya zama masanin dokar ƙasa da ƙasa, mutanen da ba su taɓa wuce Zariya ba suna rantsuwa za su ba da jininsu. Jagoran masu fushi a Tudun Maiwa shi ne Alhaji Bature, dillalin masara, wanda a lokacin yake ɓangaren adawa. Ya tara jama'a a gaban bangon makaranta, ya tsayar da Malam a gefensa yana kiransa uban shahidi, ya yi alkawarin kai shi kabarin ɗansa da motarsa, sannan ya ɗaga sanda don nuna wa jama'a ƙasar da aka sayar, ya dangwala ta a kan Legas. Aka yi kabbara. Malam ya kama bakin sandar ya ja ta zuwa kan ƙusa, amma hayaniya ta hana kowa lura. Motar kuwa har yau ba ta zo ba.

Abin da ke damun Malam ba shi ne ke damun su ba. Su ana batun man fetur da martabar ƙasa da wanda za a kayar a zaɓe, shi kuwa tambayarsa ɗaya ce: idan aka matsar da layin, a wace ƙasa ɗansa yake kwance?

Miƙa Bakassi da rabuwar gari

A ranar 14 ga Agusta, 2008, aka kammala miƙa yankin. A lokacin shugaban ƙasa ɗan jihar Katsina ne, Alhaji Bature kuma ya riga ya sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai mulki, sai ga shi yana bayani a majalisar hirar gari cewa Bakassi ba komai ba ce illa sauro da laka, kuma cika alkawari shi ne ainihin kishin ƙasa. Gari ya rabu biyu. Majalisar gindin darbejiya, wadda ta shekara talatin a haɗe, ta koma tabarma biyu, kowace tana kiran ɗayar maciya amana, kuma da a ce an ba su taswira babu rubutu, da wuya a sami mutum uku a tabarmin biyu da za su nuna wurin.

A nan Malam ya yi abin da ya ɓata masa da kowa. A ranin 2009, yana da shekara sittin da uku, ya hau babur ya bi makarantu arba'in ɗaya bayan ɗaya, ya goge Bakassi da hannunsa, ya ja sabon layi daidai yadda yake a sabon littafi, domin har yanzu ba ya yarda a koya wa yaro ƙarya. Amma ta arba'in da ɗaya, ta Tudun Maiwa, ya kasa. Sau biyu yana zuwa da fenti yana komawa da shi. 'Yan adawa suka ce an saye shi saboda arba'in ɗin da ya gyara, 'yan gwamnati suka ce yana zagin ɗan jiha saboda ɗayar da ya bari.

Kwamitin iyayen yara, wanda Alhaji Bature ke shugabanta, ya aika masa takarda ya gyara, bai amsa ba. Aka sa a shafe ƙuryar da farar ƙasa, washegari da hantsi ya zo ya mayar da layinsa a gaban kowa. Sau uku ana haka a shekara guda, har dagaci ya gaji da sauraron ƙara, ya ce a bar tsoho da bangonsa.

A watan Oktoban 2012 wa'adin neman sake duba hukuncin ya cika, gwamnati ba ta nema ba. Shugaban ƙasa na lokacin ba ɗan jiha ba ne, Alhaji Bature kuma ya sake komawa adawa, don haka fushinsa ya dawo sabo fil. Ya zo da mai hoto da tutoci domin a ɗauke shi a gaban bangon da shi kansa ya sa aka shafe sau uku. Waɗanda suka halarta sun ruwaito cewa Malam ya tare shi da gwangwanin fenti a hannu, ya ce: "Alhaji, don girman Allah ka tsaya wuri ɗaya. Ni fa yarona ne a nan, ba ƙuri'a ba." Ba a ɗauki hoton ba.

Tafiyar da ba ta kai ba

A 2013 ya yi niyyar ziyartar kabarin, Monday, wanda ya riga ya bar soja, ya raka shi. Suka yi kwana biyu a mota har Kalaba, daga nan zuwa Ikang a bakin ruwa, inda aka shaida musu cewa wurin da suke nufi ƙasar waje ce yanzu, sai da takardun tafiya. Malam ya fusata, ya ce ba zai nemi iznin kowa ba don ya gai da ɗan da ya mutu yana gadin ƙasarsa. Ya tsaya a bakin ruwan ya yi addu'a, ya juyo gida.

Malama Ummukulsum ba ta yafe masa wannan ba. Ta ce da shi takarda ai takarda ce, ita dai a je a gano mata ko kabarin na nan. Ta rasu a 2016 ba a gano mata ba. Bayan rasuwarta ya sauko, ya yi takardun a 2018, amma ciwon ƙafa ya riga ya kama shi, Monday kuma ya ce bayan shekara ashirin da biyu a ƙasar da ruwa ke cin yashi, ba zai yi rantsuwa zai gane tudun ba. Takardun suna nan cikin akwatinsa, ba a taɓa buga musu hatimi ba.

Shekarun ƙarshe

A 2021, yana kwance, aka yi wa makarantar kwaskwarima. Aka shafe bangon gaba ɗaya, wani mai zane daga Funtua ya kwafi sabuwar taswira bisa ma'aunin tsohuwar. Mai zanen ya yi ƙoƙarin zare ƙusar, ta ƙi, domin tsatsa ta riƙe ta cikin siminti, sai ya bar ta. Babu tabarmar da ta ce uffan, kasancewar a lokacin duka biyun sun sami wani abin faɗan daban. Iyalinsa suka ɓoye masa wata takwas, amma da ya ji, ya matsa sai da aka goya shi a babur aka kai shi. Ya daɗe yana duban bangon, ya auna tsakanin layin da ƙusar da yatsunsa, ya tarar yatsa biyu ne, ƙusar tana waje. 'Ya'yansa sun zaci zai yi faɗa, amma abin da ya ce kawai shi ne: "Mai zanen bai yi kuskure ba. A mai da ni gida." Bai sake bi ta hanyar kasuwa ba.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Almustapha rasuwa da safiyar Juma'a, 9 ga Satumba, 2022, yana da shekara saba'in da shida. An yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, tabarmin nan biyu suka tsaya sahu ɗaya, Monday yana jira a gefe har aka ɗauki makara ya bi. An binne shi a maƙabartar Tudun Maiwa kusa da matarsa. A zaman makoki Alhaji Bature ya yi dogon jawabi a kan kishin ƙasa irin na marigayi.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyar: Sa'adiya, malamar asibiti a Malumfashi, Abubakar, manomi a Tudun Maiwa, Adawiyya, tana aure a Dandume, Shafa'atu, malamar makaranta a Danja, da Bushra, autarsu, a Funtua, tare da jikoki ashirin da uku. Na shidan, Awaisu, wanda ya riga shi da shekara ashirin da shida, yana kwance a Jamhuriyar Kamaru. Ƙusarsa tana nan a bangon gabas, kuma a jikinta ake rataye ƙararrawar makaranta. Allah ya jiƙan uban da ɗan, ya haɗa su inda ba a tambayar takarda.