Ɗakin Tukur Mai Taya Huɗu

Tukur Direba mutumin Bichi ne, amma Kaduna ta fi Bichi saninsa, hanya kuma ta fi Kaduna. Ya sauka a garin a shekarar 1951 da tabarma da buta, ya kama ɗaki a Unguwar Kanawa, a wani gidan haya mai ɗaki tara da rijiya a tsakar gida. Tun daga nan bai sake gida ba, ko kuwa a ce matarsa Rakiya ce ba ta sake ba, don shi baƙo ne a ɗakin. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana jan babbar motar wani ɗan kasuwa. Gyaɗa da auduga zuwa Ikko, wato Legas, goro da gishiri a komowa, wani jiƙon Maiduguri, wani jiƙon Jos. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana. Ko yana zaune a majalisa idonsa na can nesa, kamar mai jiran wata kwanar hanya ta ɓullo.

Rakiya ba ta da ƙorafi. Amma bayan an kai 'yarsu Hadiza ɗakin miji a Funtuwa, sai ɗakin ya yi mata faɗi. Ta ƙirga kwanakin da Tukur ya yi a gida a shekarar 1974, ta samu arba'in da ɗaya. Ta gaya masa lambar, ba ta ƙara komai a kai ba.

Da ya ji haka sai ya ajiye mota, ya karɓi aikin gadi na rana a wani sito. Wata biyu ya yi. Tuwo ya daina shiga masa, wandonsa ya soma zamewa. Da zarar babbar mota ta wuce sai ya karkata kai yana sauraren inda direban zai sa giya, leɓensa na motsi. Rakiya da kanta ta ce masa, "Malam, wannan zaman naka ya fi tafiyar ciwo. Jikinka ne kawai a nan." Sannan ta faɗi abin da ta daɗe tana juyawa a ranta: yayanta Lawan zai zo bayan Babbar Sallar baɗi, ta bi shi Bichi ta zauna cikin dangi. "Ba saki na nema ba," in ji ta. "Ka koma hanyarka, in ka biyo ta Kano ka leƙo. Na dai gaji da magana da bango."

Ranar Talata, 11 ga Nuwamba 1975, Tukur ya kai babur ɗinsa Abakpa wurin Sanda mai walda, don a liƙe masa salansa. Sanda Bazazzage ne, gajere mai faɗin ƙirji, kuma tun da suka san juna bai taɓa barin Tukur ya zauna ba tare da ya tsokane shi da wasan Kanawa da Zagezagi ba. Amma ran nan ko kallonsa bai yi ba. Wata farar mota ce tsaye a gindin mangwaron da yake aiki, doguwa, da labule a tagoginta, jikinta duk ja da ƙasar wata ƙasa. Wasu Turawa ne tsofaffi, mata da miji, suka ratso hamada da ita ta Agadas da Damagaram. A bayanta akwai wani gadon ƙarfe da suke ɗora ƙaramin babur, shi ne ya tsage, Sanda ke ɗinke shi.

Ƙofar motar a buɗe take. Tukur ya leƙa, ya ga gado, ya ga risho da buta a kai tana huci, ya ga tsohuwar tana ɓare lemo kamar tana tsakar gidanta. A ƙarƙashin gadon ga takalman mijin, ga nata, a jere. Ya daɗe yana kallon takalman nan. Ashe gida ma yana iya tashi ya bi mutum.

Kafin Turawan su wuce ya ari awon Sanda, ya durƙusa a bayan motar. Tsawon gadon babur ƙafa shida, faɗinsa inci tara, nisansa da ƙasa inci goma sha takwas. Ya sa aka rubuta masa a bayan kwalin sukari.

"Bakano, me za ka yi da awon nan?" in ji Sanda. "Sayar da shi za ka yi a kasuwar Kurmi?"

"Ɗaki zan gina."

"A ina ka samu fili?"

"Daga nan har Maiduguri duk fili ne."

A watan Janairu ya samu wata tsohuwar motar rarraba burodi da aka jingine a Unguwar Shanu, kaji suna ƙwai a cikinta. Aka turo ta har gindin mangwaron Sanda. Wata tara Tukur ya yi a kanta. Ya wanke injin da kananzir, ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya yanka taga biyu da ƙofa a gefe. A can ƙuryar baya ya kafa gado, don a nan ne ido ba ya kaiwa. Ya yi wa randa gurbi yadda ba za ta mirgina ba, ya kafa ƙusa uku na rataye ludayi da mara da muciya. Tsakanin ɗakin da wurin direba ya yi bango na falanki, da 'yar kafa ta miƙo ruwa. Duk da wannan gyara, in rana ta yi zafi motar sai ta riƙa ƙamshin burodi.

Sana'ar da zai yi ma ya tsara ta. Shekarun da ya yi a hanya sun nuna masa injinan niƙa nawa ne ke kwance a ƙauyuka saboda rashin bel ko dutse ko ɗan ƙaramin noti. Zai cika akwati da irin waɗannan kaya, ya riƙa bin kasuwanni. Amma yawancin ƙauyukan nan mota ba ta shiga, sai turba. Nan ne aikin babur. A ajiye ɗaki a inuwar wata ɗorawa a bakin titi, ya sauke babur ya shiga mil biyar ko shida, kafin la'asar ya dawo ya tarar da hayaƙi na tashi. In yana goge ƙarfe yakan ga ɗorawar nan ƙarara, har da inda inuwarta ke ƙarewa, da zanen Rakiya a shanye a kan igiya tsakanin reshe da madubin mota. In babu babur, babu sana'a. In babu sana'a kuwa, ɗakin ya zama abin kallon yara kawai.

Rakiya ba ta taɓa zuwa ta gani ba. Da yamma yakan ba ta labari, ita kuwa tana tsince shinkafa.

"Yau na sa labule."

"Wane launi?"

"Shuɗi."

"Shuɗi yana kama datti." Can ta ce, "Malam, a gida ina kallon bango huɗu. A motarka ma bango huɗu ne, sai dai su suna girgiza."

Gadon babur shi aka yi a ƙarshe. Sanda ya yi shi da ƙarfen kwana mai kauri, ya kama shi da ƙashin motar ta wuri huɗu, ya bar kunnuwa na zura igiya. Ya ƙara masa inci shida a kan na Turawan, don babur ɗin Tukur ya fi nasu girma, nauyinsa ya kai na buhun gero da ɗoriya. Da katako mai ƙafa bakwai ake tura shi sama, a ɗaure ƙaho biyu, a ɗaure tayar baya, a sa tsumma inda tanki zai gogi jikin mota.

Ranar Lahadi, 10 ga Oktoba 1976, saura mako bakwai da 'yan kwanaki Babbar Sallah, Rakiya ta yarda ta shiga sau ɗaya. Zuwa Rigachikun da dawowa, ba ƙari. Ta fito da lulluɓi, matan gidan suna leƙe ta zaure suna dariya ƙasa ƙasa. Ta hau, ta zauna a bakin gado a can baya, kusa da akwatin kayan inji da randa cike da ruwa, ta ja labule. Sanda ya biyo su a kan nasa babur, wai don ya ga inda Bakano zai kife.

A cikin unguwa lafiya lau. Amma da suka wuce Kawo, hanya ta miƙe ta soma hawa, Tukur ya ƙara mai, sai ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa. Ya murɗa dama, motar ta yi tunani kafin ta bi. Hancinta ya ɗaga, tana lilo a kan kwalta kamar kwalekwale. Wani ɗan rami da suka taka sai da tayoyin gaba suka nemi barin ƙasa. Ya sassauta a hankali, ya gangara gefe, ya kashe.

Sanda ya iso, ya zagaya motar sau biyu, ya tsuguna ya duba sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin motar.

"Waldata ba ta motsa ba, ka gani da idonka. Gindi ne ya yi nauyi. Ka tara komai a baya kamar mai gudun haraji: babur, gado, randa, ƙarafa, har da uwargida. Gaba kuwa sai kai, kai ɗin ma ba ka kai nauyin zakara ba."

Suka ciro akwatin ƙarafa suka cusa shi a ƙasan kujerar gaba. Sanda ya taka bamba ya yi tsalle, ya girgiza kai. "Da sauƙi, amma da saura. Ko dai ka sauke babur ɗin nan, ko ka samo abu mai nauyi ka ɗora a kujerar nan."

Tukur ya tsaya yana kallon babur a kan gadonsa. Wata tara. Ɗorawar da yake gani kullum ta soma dushewa a idonsa.

Labule ya motsa, Rakiya ta leƙo ta taga. "Malam, ni fa? Ba ni da nauyi ne?"

"Ke? A gaba?" Ya waiga hagu da dama. "Rakiya, babu tashar da ba a san ni ba daga nan har Kano. A ce ga Tukur can ya ɗauko matarsa a gaban mota kamar Bature?"

"Ai ɗakin ma a wurin Baturen ka gano. Sanda, matsa mini."

"Ranki ya daɗe," in ji Sanda, ya buɗe mata ƙofa har da rusunawa. "Ki riƙe mana hancin motar nan, mijinki ya kasa."

Ta sauko, ta gyara lulluɓi ta hau gaba. Shekararta arba'in da uku, ba ta taɓa zama a gaban mota ba. Duk tafiyar da ta yi a duniya a bayan akori-kura ta yi ta, tsakanin buhuna da gwiwoyin mutane, tana ganin hanya bayan ta riga ta wuce.

Tukur ya tayar. Sitiyari ya dawo hannunsa da nauyinsa, motar ta kwanta a kan titi. Damina ta zo ƙarshe, dawa ta yi kai a dama da hagu, ciyawa har yanzu shar. Gizagizai farare sun yi tsibi tsibi a gabas. Hanya ta riƙa tahowa tana shigewa ƙarƙashin ƙafafun Rakiya, tudu ya tashi ya kwanta, wani ya tashi a bayansa. Wasu Fulani mata da ƙore a ka suka matso, suka girma, suka wuce. Ta dafa gilashi da yatsu biyu. Lulluɓin ya zame zuwa kafaɗa ba ta sani ba.

"Abin da kake gani ke nan?" ta ce a hankali. "Duk shekarun nan?"

"Shi ke nan."

"Ka dawo ka ce mini hanya lafiya, shi ke nan labarin?"

Can suka cimma wata motar itace tana tafiya kamar ba ta so. Motar burodin tsohuwar yayi ce, sitiyarinta a dama yake, tun na kafin a koma bin hannun dama a 1972. Saboda haka Tukur yana can gefen daji, ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya fito da rabin motar. Rakiya ce ke ɓangaren tsakiyar titi.

"Leƙa mini," ya ce. "Akwai mai zuwa?"

Ta miƙa wuya. "Akwai. Wata ja. Dakata." Jar motar ta wuce fuu. "Yanzu babu kowa. Tafi. Tafi mana, Malam, me kake jira?"

Ya fita, ya wuce, ya koma hannunsa. Ta sauke numfashi, sai kuma ta yi dariya, irin wadda ya rabu da ji tun Hadiza tana goye.

Rumfunan Rigachikun suka ɓullo. Ya sa hannu zai rage giya don ya juya, kamar yadda aka yi alkawari.

"Ina kasuwa take ci gobe?" in ji Rakiya.

"Akwai wata gaba da Zariya. Injin niƙa uku ne a yankin, biyu a kwance."

"Da inuwa a wurin?"

"Da ita."

Suka zo daidai inda ake juyawa. A madubi ga Sanda can ya rage gudu yana jiran su karkata.

"Ban ɗauko gishiri ba," ta ce. "In mun kai Zariya ka tsaya in saya. A nan kuma za ka sami mai zuwa Bichi, a gaya wa Yaya Lawan kada ya wahalar da kansa. Bangon nan na falanki kuwa, ka cire shi, ina son in riƙa ganin tukunyata daga nan."

Tukur ya mayar da hannunsa kan sitiyari. Ya zura ɗaya ta taga ya yi wa Sanda alama ya koma.