Baƙon da Hedimasta Ya Yi Mana Alkawari

Shekarar da na fara koyarwa a firamaren Yammedi, hedimastanmu sabon dawowa ne daga kwas a Zariya. Ya dawo da tabarau da rediyo, da wani irin Turanci wanda ko mu malamai sai mun koma ɗaki mun duba ƙamus. In ya yi magana, ba don a gane yake yi ba, don a ji yake yi.

A daminar nan aka shirya wasan ƙwallo tsakanin yaranmu da na Rogo. Ana saura kwana kaɗan ya ji a rediyo cewa za a yi hadari mai ƙarfi a ƙarshen mako. Sai ya ɗauke ni muka tafi ƙofar dagaci, inda dattawa ke zaune bayan la'asar. Da aka gama gaisuwa ya gyara tabarau.

"Ranka ya daɗe, wasan Asabar an ɗaga shi, saboda ana sa ran zuwan inkilemen weda."

Dagaci ya gyaɗa kai a hankali. Shi ma ba mutum ba ne da zai ce bai sani ba a gaban talakawansa.

"Madalla. Allah ya kawo shi lafiya."

Na buɗe baki zan yi bayani, hedimasta ya harare ni, don ba ya son ƙaramin malami ya fassara shi. Na bar maganar a zaton dagaci zolaya yake yi.

Ashe kafin magariba labari ya kai har ƙauyen Kurugu cewa wani babban Bature zai zo Yammedi. Wani dattijo da ya taɓa dako a Kano ya rantse ya san shi, dogo ne mai gashin baki, ba ya cin yaji. Aka sa matasa suka share hanya, aka shafa wa ƙofar dagaci farar ƙasa. Hedimasta ya ga sharar, ya ce mini, "Ka ga amfanin ilimi? Garin nan ya fara wayewa tun zuwana."

Ranar Asabar da hantsi aka yanka rago. Dagaci ya sha babbar riga, ya fito filin makaranta da jama'arsa, ya aika a kira hedimasta a tambaye shi ta wace hanya baƙon zai ɓullo, ta Karaye ko ta Rogo. Hedimasta na tsaye yana kame-kame sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta ɗauke hular dagaci, ƙanƙara ta fara sauka kamar tsakuwa, kwanon aji biyu ya tashi ya faɗa gonar dawa.

Muka cunkushe a ofis. Hedimasta na ƙarƙashin tebur rungume da rediyonsa yana ihu, "Wayyo Allah, ƙanƙara za ta kashe mu!" Ranar ba wanda ya nemi fassara.

Da ruwa ya tsagaita na gaya wa dagaci ma'anar inkilemen weda, wato hadari ne da Turanci. Ya juyo wajen hedimasta.

"Malam, wato ruwan sama ka sa na yanka wa rago?"

Aka raba naman, ba a aika masa ko ƙashi ba. Dattijon nan kuwa har ya rasu yana cewa Baturen ya taso, ruwa ne ya tare shi a Karaye.