Jirgin da Na Koya a Kan Murfin Randa

Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Nguru aka turo ni Gashuwa horo. Wata ƙungiya ce ta kawo jirgi marar matuƙi, ƙaramin nan mai farfela huɗu da kyamara a cikinsa, don a riƙa ɗaukar hoton fadamu daga sama, a ga inda ciyawar kacalla ta toshe wa ruwa hanya. Ni kaɗai ce mace a ɗakin, kuma na girmi kusan kowa.

Mai horar da mu matashi ne mai fara'a. Ya ce ba wanda zai taɓa jirgin sai ya ƙware a kwamfuta tukuna. Akwai manhajar da ake sawa, ta nuna maka fili da jirgi kamar gaske, ka tashi, ka faɗi, ba a yi asarar komai ba. Ya bi layi yana sa wa kowa. Da ya zo kaina ya dubi kwamfutata, wadda na ɗaure murfinta da salatif, ya yi murmushi.

"Hajiya, wannan ba za ta ɗauka ba. Ki bari kawai, ke za ki riƙa rubuta mana rahoto."

Na ce, "Malam, ba rahoto ya kawo ni ba. Faɗa mini sunan manhajar."

Ya faɗa, kamar mai lallashin tsohuwa. Aka ce mu dawo bayan hutu a gwada mu.

A unguwarmu sabis ba ya shiga ɗaki. Sai na fita ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya, na haɗa waya da kwamfuta na fara sauke manhajar. Ta kusa ƙarewa sai sabis ya yanke. Na sake, ya sake yankewa. Masu napep suna wucewa suna leƙena. Da ta sauka kuma, ta ƙi buɗewa, sai wani dogon Turanci a allo. Na kwafe shi harafi harafi na bincika, na gane wani ɓangare ne mai kula da hoto ya tsufa. Na sabunta shi, manhajar ta ƙi. A nan na ci karo da tsohuwar fitowar manhajar, wadda ba ta da nauyi. Ita ta buɗe.

Amma jirgin yana motsi ne kamar mai ciwon ƙafa. Na shiga saiti na kashe inuwa, na kashe gajimare, na cire bishiyoyi, har ya rage fili fetal da katangarsa da jirgi. Sannan ya saki jiki. Sai kuma zafi: da ta ɗan yi aiki, kwamfutar ta mutu. Na jiƙa buhu na naɗe randarmu, na kifa faranti a bakinta, na ɗora kwamfutar a kai. A tsaye na yi duk koyon da na yi.

Abin riƙewa mai sandunan sarrafa jirgin na samo a shagon wasan gem da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mai shagon ya ce, "Anti, wa za a saya wa?" Na ce ni. Da na jona, in na tura gaba sai jirgin ya yi baya, in na ce tashi sai ya dunguri ƙasa. Na yi ta juya saitin sandunan ɗaya bayan ɗaya har suka ji magana.

Maigidana, mai sana'ar bandar kifi, bai so abin ba, kuma ba don raini ba. Wata la'asar ya tsaya a kaina ya ce, "Malama, kin san abin da ƙasar nan ta gani. A ji matata tana koyon jirgin leƙe, me za a ce?"

Na ce, "Da izinin hukuma ake tashinsa, jami'ai na tsaye. Mazan da ke koya, ba wanda ya ce musu komai. Ka yi haƙuri, Alhaji, wannan kam ba zan bari ba."

Ya dubi allon. Can sai ya ce, "To karkata hagu mana, za ki bugi katanga." Na buga kuwa.

Da muka koma Gashuwa, mai horarwar ya ce ai an riga an miƙa sunayen masu tashi, nawa ba ya ciki. Ban zauna ba. Na ajiye kwamfutata a teburinsa na kunna.

"Gwada ni a gaban kowa. Ka sa iska yadda kake so."

Mai horarwar ya matso. Ya ƙara iskar har jirgin na tangaɗi. Na zagaya filin, na dawo na sauke shi. Ba a tsakiyar alamar sauka ba, a gefenta, amma a kan ƙafafunsa.

Ya ce, "Sai dai zagaye na gaba, Hajiya."

"Zan jira. Rahoto dai a nemi wani."

Sai bayan damina izinina ya fito. A fadamar Dagona na fara tashin na gaske, a bakin gonakin shinkafa. Jirgin ya fi na kwamfuta ƙara, ya kuma fi shi saurin fushi. Da ya yi sama na ga kacalla ta rufe mashigar ruwa ruf, tsuntsaye fari fat a bayanta. Wani dattijon manomi ya matso yana leƙen allon da ke hannuna.

"'Yata, ɗan matsa gabas, bayan tsamiyar can. Can tawa take."

Na juya jirgin na nufi gabas.