Askar Baba Sumaila da Shingen Pusiga

In an idar da sallar asuba, Baba Sumaila wanzami ba ya komawa ɗaki. Yakan zauna a ƙofar gida ya wasa askarsa, ya duba ƙahon shan jini, ya mayar da komai cikin zabira. Sai ya tura kekensa zuwa gindin darbejiyar da ke bakin tashar lori ta Bawku. A nan yake aski har azahar, in ba a kira shi suna ko kaciya ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. A Salaga ya koyi sana'ar wurin mahaifinsa, ya yi shekara uku a Yendi, sannan ya zo nan ya zauna. Bahago ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Juma'ar da ta wuce ya ajiye aska. Idanu sun ƙi. Ba a yi taro ba, ba wanda ya tashi a masallaci ya ce a yi masa addu'a. Shi ya sa na ɗauki biro.

Rabin mutanen zangonmu da iyaka suke ci. Ranar kasuwar Sinkasi, a ɓangaren Togo, lori na fita da albasa da goro, ya dawo da atamfa da sabulu. Fita ba wuya. Dawowa gida ce azaba. A shingen da ke bayan Pusiga za a sauke ka, a zazzage kayanka a ƙasa, a sa ka tsaya a rana, sannan a dubi fuskarka a ce: ina takarda? Wace takarda? A ɗakin uwa aka haife mu. Ranar suna aka yanka rago, liman ya raɗa suna, wanzami ya aske kai, ya yi wa jariri bille a kumatu irin na kakanninsa. Ba wanda ya rubuta komai. Iyayenmu sun ɗauka duk wanda ya ci naman suna shaida ne, kuma tsagar fuska ta ishe ka ka nuna gidanku. Masu kaki kuwa in sun ga billen, abin da suke karantawa shi ne baƙo.

Iddi direba ne ya ba ni labarin ranar Awawu, shi ya gani da idonsa. Shekarar da aka sake buɗe iyakoki ce, bayan yunwa. Awawu mai albasa ta bar jaririnta ɗan wata huɗu wurin surukarta, ta ce za ta dawo kafin la'asar. A shinge wani sabon ofisa ya ware ta gefe. Ya iya Hausar bariki.

"Wannan mace ba na Ghana ba ne," in ji shi. "Duba fuska. Koma inda ka fito."

"Masa, ranka ya daɗe, a Bawku aka haife ni. Ɗana na gida, nono yake sha."

"Takarda."

Ƙarfe shida ake rufe shingen. Wanda ya rage a waje, sai gobe, in an ga dama. Iddi ya ce gaban rigarta ya riga ya jiƙe da nono, tana rufewa da gyale. Ya sauke fasinja a Pusiga, ya taka lori babu kaya har Bawku. Bai je wurin sarkin zango ba, don ya san amsar da zai samu: a bari sai gobe. Gindin darbejiya ya nufa. Baba Sumaila na tsakiyar aske wani, ya bar shi da rabin kai, ya ɗauki zabira ya hau.

Da suka isa, rana ta yi ƙasa. Baba ya yi sallama, ba a amsa ba.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan 'yar Malam Mashud ce, mai ɗinkin hula. Ni na aske ta ranar suna, a zauren ubanta. Wannan billen da kake gani, hannuna ne."

Ofisa ya yi dariya. "Kowane tsoho zai faɗi haka."

"To. Iddi, matso. Ba shi lasin ɗinka."

Lasin Iddi ya ce an haife shi a Bawku. Baba ya kama haɓar Iddi ya juya kumatunsa wajen haske, ya sa Awawu ta juya nata daga bayan shinge.

"Wanzamin dama yana jan bille ya sauka a miƙe. Ni bahago ne, nawa wutsiyarsa na lanƙwasa sama. Duba na wannan, duba na waccan. In bai ishe ka ba, kira Damata mai kokon da kuke sha kowace safiya, ka duba nata. Ita ma baƙuwa ce?"

Aka kira Damata. Ta zo da ludayi a hannu tana mita, ta juya kumatu. Lanƙwasa ɗaya. Kofur ɗin da ke tsaye ya kau da kai don kada a ga yana murmushi.

Mutum irin ofisan nan ba ya son a kayar da shi a gaban yaransa. Ya shafa haɓarsa ya ce, tunda tsoho wanzami ne, ya fara yi masa aski tukuna, in ya yi kyau a duba maganar. Aka kawo benci. Baba, dattijon da a shekaru ya isa haihuwar wannan ofisa, ya durƙusa ya kaɗa sabulu. Iddi ya ce shi da kansa ya kasa kallo lokacin da askar ta hau maƙogwaro. Baba ya gama, ya goge aska a tafin hannu, ya ce, "Sai a buɗe mata." Saura kaɗan shida ta cika aka ɗaga ƙarfen. Buhun albasarta ɗaya bai biyo ta ba.

Tun daga ranar, in an tsare ɗan zango, Baba ake ɗaukowa. Ban san sau nawa ba, shi ma bai ƙirga ba. Mahauta, 'yan koli, masu kora shanu, har wani ɗan Yendi da ya aske tun zamansa a can. Ya aske ofisoshi da yawa a kan bencin nan, kyauta. Wanda bai yi wa askin suna ba kuwa, bai taɓa cewa nasa ne ba. An roƙe shi, an kawo masa goro da abin goro, ya ce in ya yi ƙarya sau ɗaya, gaskiyar sauran ta mutu.

Baba, kai ne rajistar da gwamnati ba ta buɗe mana ba. Kai ne ka riƙe ranar kowa da zauren kowa a kai, ba littafi.

Amma abin da ya fi ci masa rai, ba mu gane shi da wuri ba. A hanyar dawowa ranar Awawu, Iddi ya ce suna shigowa gari Baba ya juyo gare shi. Sannan ya ce, "Ni na sa mata abin da aka tsare ta da shi." Bai ƙara tsaga fuskar jariri ba. Aski zai yi, kaciya zai yi, bille kuwa a'a.

Bikin sunan jikar Alhaji Seidu ne ya fasa maganar a fili. Alhaji babban ɗan kasuwa ne, duk wata yana hanyar Accra, daga can ya hau jirgi. Ya ce a yi wa yarinya billen gidansu. Baba ya naɗe zabira.

"Malam Sumaila, gadonmu ne."

"Na sani, Alhaji. Ni ma gadona ne."

"To me ya hana?"

"Kai in ka fita, fasfo ke yi maka magana. Mafi munin abin da ka gani shi ne a buɗe akwatinka, ko jirgi ya makara ka kwana a kujera. Ka sha ba mu labari. Yarinyar nan ba mu san da me za ta ƙetare ba. Wataƙila da ƙafa, da tire a ka."

Alhaji ya aika aka kawo wani wanzami daga Pusiga. Manyan gidaje suka bi sahu, suka daina kiran Baba suna. Aka ce ya tsufa, ya fara bin ra'ayin 'yan boko. Mutanen da suka faɗi haka, in an tsare yaran shagonsu a shinge, shi suke aika wa lori. Yana zuwa. Ban taɓa jin ɗayansu ya dawo ya ce na gode ba.

Watan jiya aka tsare Mikaila mahauci. Aka ɗauko Baba, ana riƙe da hannunsa. Bai ga fuskar ba. Ya sa yatsa ya bi kumatun, ya tsaya a lanƙwasar, ya ce, "Nawa ne. Ɗan Hanatu, ranar Talata, damina." Ofisoshin yanzu yara ne, ba su san shi ba, ba sa ma son askin aska. Ɗaya ya ce a mayar da makaho gida kafin ya faɗi. Mikaila ya kwana biyu a waje, naman da ya sayo ya ruɓe. Bayan wannan ne Baba ya rataye zabira.

Mun gode, Baba Sumaila. Ba mu da lambar girma, da muna da ita ma da an ba wani mai babbar riga. Allah ya saka maka, ya ba idanunka sauƙi.

Ku kuma mutanen zango, abu biyu. Wanda aka yi wa haihuwa, kafin ya sayi rago ya je ya yanko takardar haihuwa, komai tsawon layin. Wanda kuma ya ci naman sunan wani, in ya ji an tsare shi a shinge, ya bar abin da yake yi ya je ya tsaya masa, yadda tsohon nan ya bar mutum da rabin kai.

Yana nan a ƙofar gidansa bayan asuba, har yanzu yana wasa askar da ba zai yi aiki da ita ba. Awawu na kai masa koko. Ku je ku gaishe shi. Kada ku faɗi sunanku. Ku durƙusa, ku miƙa masa kumatu, zai gaya muku ko ɗan wane ne ku.