Ranar da Baba Ya Tafa wa Ƙawata

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a Garwa ta Kamaru, ban da ranar da wata 'yar mujallar adabi ta yi bikin fitar da rubuce-rubucenmu. Lokacin ban daɗe da gama lise ba, wato sakandare. Mujallar ta nemi kowane matashi ya rubuta ko shi wane ne, da harshen da ya ga dama.

Ni jikar fataken Kano ce, a unguwar Poumpoumré aka haife ni, don haka na ɗauka in dai Hausa ce babu mai ja da ni. Na zayyana yadda kakana ya iso bakin kogin Binuwai da turamen atamfa, na jero asalinmu kaf. Ƙawata kuwa Kirista ce daga ƙauyukan kan dutse, a kasuwa ta koyi Hausa, tana taya uwarta sayar da gyaɗa a gaban shagon Baba. Ni ta kawo wa nata in duba. Na mayar mata da "ya" zuwa "ta" ba iyaka, ina dariya a raina.

Ran bikin Baba ya rufe shago, ya sa babbar riga, ya zo domina. Sai ga rubutun ƙawata a shafin farko, nawa can kusa da bangon baya. Ita aka kira ta karanta.

Ta faɗi yadda a ƙauye ake ce mata Bahaushiya, a kasuwa 'yar dutse. Yadda kakarta ta yi mata wasiyya da yarensu, ita kuwa ko rabi ba ta gane ba. Na waiga na ga Baba yana goge ido, shi ya fara miƙewa yana tafi.

Na ce wa ta kusa da ni, da ƙarfi kuwa, "Ai ni na gyara mata. Ko mace da namiji ba ta iya bambancewa."

Ashe ƙawata ta taho gaishe mu, tana bayana. Ta durƙusa ta ce, "Sannu, Baba," ta wuce ba ta dube ni ba.

Muka kama hanyar gida ni da Baba. Can ya ce, "Uwata, na karanta naki. Labarin mahaifina na gani, na kuwa san shi tun ba a haife ki ba. Ke ce ban gani a ciki ba."

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa wurin gyaɗarsu na ba ta haƙuri. Ta yafe, har yau muna zumunci, amma ba ta ƙara nuna mini rubutunta ba.

Abin da na koya shi ne, tsoron faɗin gaskiyar kaina ya sa na ɓuya bayan kakana, na kuma huce haushina a kan wadda ta yi ƙarfin halin faɗin tata.